Wa Ke Naɗa Sarauniya a Gidan Ƙudan Bombus?

A ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, da zarar sanyi ya fara sassautawa a Ingila ko Holan ko Jamus, akan ga wani ƙwaro mai kauri, jiki duk gashi, baƙi da ratsin rawaya, yana shawagi ƙasa-ƙasa a gindin shinge yana leƙa kowane rami. Ɗan'uwan ƙudan zuma ne, daga dangin da masana ke kira Bombus, kuma wadda ake gani a wannan lokaci mace ce, sarauniya. Ta shafe wata shida ko fiye binne a cikin ƙasa tana barcin hunturu. Uwarta ta mutu, 'yan'uwanta ma'aikata sun mutu, namijin da ya sadu da ita bara shi ma ya mutu. Ita kaɗai ta kai labari, kuma duk gidan da za a kafa bana daga cikinta zai fito.

Dangin Bombus na da nau'i kusan 250. Ƙwari ne na ƙasashen sanyi da kan tsaunuka, sun fi yawa a Turai da Arewacin Amurka da tuddan yammacin Sin, har akwai wanda ke rayuwa a yankin ƙanƙara na Aktik. Ba mu da su a ƙasar Hausa, ba a kuma samunsu a ko'ina kudu da Sahara. A Afirka sai can arewa, wajen tsaunukan Atlas. Baƙin ƙwaron nan mai ƙugi da ke huda azara da itacen rumfa a gidajenmu wani dangi ne daban, ko da yake akwai kama. Amma tambayar da gidan Bombus ke tayarwa ta shafi duk wanda ya taɓa ɗora amya a kan bishiya: ƙwai iri ɗaya, daga uwa ɗaya da uba ɗaya, me ke sa wani ya zama sarauniya mai shekara guda a duniya, wani kuma ya zama ma'aikaciyar da ba ta wuce 'yan makonni?

A wajen ƙudan zumanmu amsar sananniya ce. Ma'aikata ke gina wani ɗaki na musamman a jikin saƙa, babba, bakinsa na kallon ƙasa, su cika tsutsar da ke ciki da wani farin abinci mai kauri da suke tsatsowa daga kawunansu. Wadda aka yi wa wannan gata takan fito sarauniya cikin wajen kwana 16, ma'aikaciya kuwa sai ta yi wajen 21. Saboda wannan labari ya shahara, mutane da dama suna ɗauka haka abin yake ga kowane ƙuda mai sarauniya: abinci na musamman, sai sarauta. A gidan Bombus ba a nan gizo ke saƙa ba.

Gida daga mace ɗaya

Sarauniyar Bombus terrestris, nau'in da aka fi nazari a kansa, takan zaɓi tsohon ramin ɓera, inda akwai busasshiyar ciyawa da gashi da mai ramin ya bari. Tana fitar da kaki daga jikinta ta ƙera ɗan ƙaramin kasko ta zuba ruwan fure a ciki, sannan ta dunƙula garin fure ta saka ƙwayayenta na farko a kai ta rufe da kaki. Daga nan sai ta kwanta a kansu kamar yadda kaza ke kwanci. Bernd Heinrich, wanda ya fitar da littafinsa kan rayuwar waɗannan ƙwari a 1979, ya nuna yadda take yi: tana karkaɗa tsokar fukafukanta ba tare da ta tashi ba, zafin ya gangara zuwa ƙasan cikinta inda gashi bai da yawa, ya shiga ƙwayayen. Da haka take riƙe su a ɗumin da ya kai awo 30 a ma'aunin Salsiyos, alhali a waje raɓa na iya daskarewa. In ta fita neman abinci sai su huce, in ta zauna sai kaskon ya ƙare. A wannan matsi take renon rukunin farko.

Ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana huɗu zuwa shida. Tsutsar tana ci tana girma, tana saɓa, ta bi matakai huɗu, sannan ta saƙa wa kanta ƙwanso ta shige. Daga ƙwai zuwa ƙwaro mai fukafukai mako huɗu ne zuwa biyar. Duk rukunin farko mata ne, kuma duk ma'aikata ne, galibi ƙanana. Da sun fito sai uwar ta daina fita, ta koma saka ƙwai kawai.

Rabuwar mace da namiji abu ne mai sauƙi, kuma a hannun uwa yake. Tana ajiye da maniyyin da ta karɓa bara a wata 'yar jaka a cikinta. Ƙwan da ta haɗa da shi mace ne, wanda ta saki haka nan namiji ne. Don haka namiji ba shi da uba, sai kaka. Rabuwar sarauniya da ma'aikaciya ce mai sarƙaƙiya, domin dukkansu daga ƙwai mai maniyyi suke, kuma babu wani bambanci a gadon da suka ɗauko.

Tun 1912 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Sladen, ya lura cewa Bombus sun kasu biyu wajen ciyar da 'ya'ya. Wasu sukan gina aljihun kaki a gefen tarin tsutsotsi su cusa garin fure a ciki, kowace tsutsa ta ci gwargwadon yadda bakinta ya kai. Wasu kuma sukan tara garin a tukwane daban, ma'aikata su kwaɓa shi da zuma su ɗura wa kowace tsutsa ta wata 'yar ƙofa a jikin kakinta. A gidan masu aljihu akwai rububi, kuma girman 'ya'ya yakan bambanta ƙwarai, har wata babbar ma'aikaciya ta kusa kamo ƙaramar sarauniya. Bombus terrestris na rukuni na biyu, kuma a gidansa tazarar a fili take: sarauniya kan kai milimita 20 zuwa 22, ma'aikata 11 zuwa 17.

Kwanakin farko na tsutsa

Masanin Jamus Peter-Frank Röseler ne ya fara warware zaren a 1970, da ya kwatanta nau'i biyu. A Bombus hypnorum, mai son yin gida a kogon itace, makomar tsutsa takan zauna a buɗe har zuwa matakinta na ƙarshe, kuma yawan abinci na da babban tasiri. A Bombus terrestris kuwa ana yanke hukunci tun tsutsa na 'yar mitsitsiya, kuma abin da ke yanke shi kasancewar uwa ne a kusa. Tsutsar da ta yi kwanakinta na farko tare da sarauniya mai ƙarfi ma'aikaciya za ta zama, ko da daga baya an cika ta da abinci. Wadda aka raba da uwar tun farko aka bar wa ma'aikata renonta tana iya kama hanyar sarauta.

Wannan shi ne abin da nake ganin ya fi cancanta a tsaya a kansa. Mun saba tunanin sarauniya ita ce wadda aka ƙara wa wani abu. A wannan gida ma'aikaciya ce wadda aka rage wa. Kowace 'ya mace na ɗauke da ikon zama uwar gida, uwar ce ke danne wannan iko a jikin 'ya'yanta wata da watanni, har ranar da ta sassauta.

Daga baya Jonathan Cnaani da Abraham Hefetz na Jami'ar Tel Abib, tare da abokan aiki a Amurka, suka taƙaita lokacin: wajen kwana biyar na farko bayan ƙyanƙyashewa. Sun kuma auna abin da ke gudana a cikin jikin tsutsar. Akwai wani homon, wato sinadarin jiki, da ake kira homon ƙuruciya, wanda duk ƙwari ke da shi, aikinsa riƙe tsutsa a matsayin tsutsa, ya hana ta gaggawar rikiɗa. A jikin wadda za ta zama sarauniya wannan homon yakan hau sosai, a jikin mai zama ma'aikaciya kuwa yana nan ƙasa. A 2001 Laura Bortolotti da abokan aikinta suka shafa wa ƙananan tsutsotsi wannan homon, sai ga waɗanda da ma'aikata za su zama sun fito sarauniyoyi. Ke nan ba rakiya kawai homon ɗin ke yi ba, shi ke juya akalar.

Sakamakon hawansa kuwa lokaci ne. Tsutsar sarauniya takan daɗe a kowane mataki na baya kafin ta saɓa, ta ci gaba da ci bayan sa'o'inta sun shiga ƙwanso. A nan Bombus ya yi hannun riga da ƙudan zuma: can sarauniya ce ke riga kowa fitowa, nan ita ce ke makara. Binciken da Jeffrey Pereboom ya yi a Jami'ar Utrecht ta Holan bai sami wani bambanci na kirki tsakanin abincin da ake ba tsutsar sarauniya da na ma'aikaciya ba. Garin fure ne da zuma da ɗan abin da ya fito daga bakin mai reno, ga kowa. Ya kuma nuna cewa tsutsar ce ke sanar da yunwarta, ma'aikata su amsa. Wato yawan cin da tsutsar sarauniya ke yi ya biyo bayan hukuncin ne, ba shi ya haifar da shi ba.

To da me uwar ke danne 'ya'yanta? An daɗe ana zaton wani ƙamshi ne da take fitarwa ya cika gida. Amma ɗakin binciken Guy Bloch a Jami'ar Hibru da ke Ƙudus ya nuna cewa sai an taɓa juna: tsutsotsin da sarauniya ke rena da kanta sukan gama girma da wuri kuma su fito ƙanana, fiye da waɗanda ma'aikata kaɗai suka rena. A 2023 wannan ɗaki ya fitar da sakamakon da ya danganta tasirin da wasu sinadarai da ke fitowa daga muƙamuƙin sarauniya, waɗanda ke shiga abincin da take ɗura wa tsutsa. Idan haka ne, akwai abinci na musamman a gidan Bombus, sai dai aikinsa akasin na ƙudan zuma ne. Ba ya naɗa sarauniya, hana naɗin yake yi.

Ko a cikin ma'aikata ma ba a taru an zama ɗaya ba. A gida guda wata na iya ninka wata nauyi har sau goma. Margaret Couvillon da Anna Dornhaus sun gano a 2009, a nau'in Bombus impatiens na Amurka, cewa tsutsotsin tsakiyar gida sun fi samun ziyarar masu reno, na gefe kuwa akan manta da su, su fito ƙanana. Manya suka fi fita kiwo, ƙanana suka fi zama a ciki.

Lokacin da gida ke juyawa

A tsakiyar bazarar Turai gidan Bombus terrestris mai lafiya na iya tara ma'aikata ɗari biyu zuwa ɗari huɗu. Daga nan sai abubuwa biyu su faru, waɗanda Marie José Duchateau da Hayo Velthuis na Utrecht suka bayyana a 1988. Na farko, uwa ta koma saka ƙwai marasa maniyyi, wato maza. Wasu gidaje kan yi haka da wuri, su fitar da maza da yawa da sarauniyoyi kaɗan, wasu su jinkirta, su fi ba da sarauniyoyi. Na biyu, zaman lafiya ya ƙare. Wasu ma'aikata su fara saka nasu ƙwai, su riƙa cinye na uwarsu, ita ma tana cinye nasu, ana ture-ture da cizo. Wani lokaci faɗan kan kai ga kashe uwar.

Ma'aikaciyar Bombus ba juya ba ce. Tana da jakar ƙwai mai tsari irin na uwarta, abin da ba ta yi shi ne saduwa da namiji, don haka in ta saka ƙwai namiji ne zai fito. Wani bincike da aka buga a 2023 ya ma nuna cewa ma'aikaciyar da aka ware tun kafin ta yi cuɗanya da 'yan gida na iya saduwa da namiji har ta kafa gida nata. Zama cikin jama'a ne ke rufe mata wannan ƙofa.

Dalilin faɗan yana cikin lissafin zumunta da William Hamilton ya shimfiɗa a 1964. Sarauniyar Bombus terrestris da namiji ɗaya take saduwa, don haka 'ya'yanta mata sun haɗa kashi 75 cikin 100 na gadonsu da juna. Wannan ya fi kusancin uwa da 'yarta, wanda kashi 50 ne. Saboda haka ma'aikaciya ba ta yi asara ba in ta reni ƙanwarta ta zama sarauniya. Amma a kan maza lissafin ya sauya: da ɗanta ta haɗa kashi 50, da ɗan 'yar'uwarta kashi 37.5, da ƙaninta kuwa kashi 25 kacal. Uwa ta fi son 'ya'yanta maza a kan jikoki, ma'aikata sun fi son nasu. Andrew Bourke da Francis Ratnieks sun kawo bayanin da ya gamsar da ni a kan lokacin da faɗan ke ɓarkewa: ma'aikata kan haƙura muddin ana buƙatar hannunsu don gina gida, sai sun ga alamar cewa tsutsotsi mata sun kama hanyar sarauta, wato uwa ta saki linzami kuma gida ya doshi ƙarshensa, sannan kowa ta nemi nata. Duk da haka mafi yawan mazan da ke fita daga gida mai uwa 'ya'yan uwar ne. Wasu ma'aikatan kan bi wata hanya: a 2004 Carlos Lopez-Vaamonde da abokansa a Landan suka kama ma'aikata suna shiga gidajen da ba nasu ba suna saka ƙwai a can.

Akwai mai ruwa da tsaki ta uku da ake yawan mantawa da ita, tsutsar kanta. Ita ba ta da wanda ya fi ta kusa da kanta, kuma in za a bar mata zaɓi sarauniya za ta zama. Ana ganin abin da ke faruwa in aka bar mata zaɓin a wajen ƙudan Melipona na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, marasa harbi, waɗanda ke zuba abinci daidai wa daida a ɗakuna masu girma ɗaya su liƙe. Babu mai sa ido bayan an rufe. A wasu nau'o'insu kusan ɗaya cikin biyar na mata kan fito sarauniya, fiye da buƙatar gida nesa ba kusa ba, ma'aikata su kashe rarar. Dannewar da uwar Bombus ke yi ita ke hana irin wannan ɓarna. Gidan da 'ya'yansa na farko suka zama sarauniyoyi ba shi da mai ɗebo masa abinci.

Abin da sarauta ke buƙata

Girman da sabuwar sarauniya ta samu a kwanakin nan na ƙari ba don ado ba ne. Da ta fito daga ƙwanso takan yi 'yan kwanaki tana cin garin fure da zuma, tana tara kitse da sukari a jiki. Sai ta fita ta sadu da namiji, ta nemi ƙasa mai laushi, sau da yawa a gangaren da rana ba ta dukansa, ta tona ta shige. Madeleine Beekman da abokan aikinta sun gano a 1998 cewa sarauniyar da nauyinta bai kai giram 0.6 ba ba ta cika tsallake wannan barci ba. Wadda ta cika kuwa tana da juriya ta ban mamaki. A 2024 Sabrina Rondeau da Nigel Raine na Jami'ar Guelph a Kanada suka nuna cewa sarauniyoyin Bombus impatiens masu barci na iya yin mako guda nutse cikin ruwa su rayu.

Sanin wannan zagaye ya zama sana'a. A 1985 wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland de Jonghe, ya lura da amfanin Bombus ga tumatir da ake nomawa a rumfunan gilashi. Furen tumatir ba ya sakin garinsa sosai sai an girgiza shi, Bombus kuwa yakan kama furen ya karkaɗa jikinsa garin ya zubo, abin da ƙudan zuma ba ya iyawa. Kafin nan ma'aikatan gona ke bin fure ɗaya-ɗaya da sandar lantarki mai girgiza. De Jonghe ya kafa kamfanin Biobest a 1987, Koppert na Holan ya bi baya, kuma zuwa 2004 ana sayar da gidaje kusan miliyan ɗaya a shekara. Masu wannan kiwo kan shaƙa wa sababbin sarauniyoyi iskar kabon, dabarar da ta samo asali daga aikin Röseler, sai su fara saka ƙwai ba tare da dogon barcin hunturu ba. Cinikin ya zo da tasa ɓarnar. Bombus terrestris da aka kai Chile a ƙarshen shekarun 1990 ya bazu har Ajantina, kuma Bombus dahlbomii, ƙaton nau'in yankin Patagoniya mai launin ja-ja, ya ɓace daga wurare da dama da baƙon ya isa. Duk ƙasar da ba ta da wannan ƙwaro, har da tamu, ya kamata ta karanta labarin Chile da kyau kafin ta bari a shigo da kwalinsa don rumfunan tumatir.

Tun da sarauniyoyi a ƙarshen bazara ake yinsu, kuma sai gida ya tara isassun masu reno kafin ya iya ciyar da tsutsotsi masu dogon ci, duk abin da ya rage wa gida ƙarfi a farkon shekara sarauniyoyin yake ci a ƙarshenta. Gida mai rauni na iya kaiwa ƙarshen bazara da ma'aikatansa suna kai da kawowa, mai kallo ya ce lafiya lau, alhali ko sarauniya ɗaya bai fitar ba. A 2012 Penelope Whitehorn da Dave Goulson da abokan aikinsu a Jami'ar Stirling ta Sikotilan suka ba wasu gidajen Bombus terrestris abinci mai ɗan maganin ƙwari na imidakilofirid, gwargwadon abin da za su iya gamuwa da shi a gona, na mako biyu, sannan suka sake su a fili. Gidajen ba su mutu ba. Sun ɗan yi ƙasa a nauyi, amma yawan sababbin sarauniyoyin da suka fitar ya ragu da kashi 85 cikin 100. Wannan bincike na cikin hujjojin da aka duba kafin Tarayyar Turai ta hana amfani da imidakilofirid da wasu 'yan'uwansa biyu a filin gona a 2018.

Magungunan wannan dangi suna nan a kasuwanninmu, a cikin na feshi da na cuɗa iri kafin shuka. Ba mu da Bombus, amma muna da ƙudan zuma da ɗimbin ƙudajen daji masu bin furen wake da kuɓewa da kabewa da mangwaro. Mai feshi yakan duba ko ƙwari sun zube a ƙasa ya san ƙarfin magani, gwajin hukuma ma shekara da shekaru a kan adadin waɗanda suka mutu ya dogara. A gidajen Stirling babu gawar da za a ƙirga. Sai da masu binciken suka buɗe su a ƙarshen gwajin, suka bi ƙwanso ɗaya-ɗaya suna ware manya daga ƙanana, sannan suka ga abin da maganin ya yi.